Shafin Da Auta Ta Ninke

Auta ta dangwarar da littafin a kan tebur.

"Ga na ƙarshe. Ba zan ƙara karɓa ba."

Mai Littafi bai ɗago ba. Shagon hayar littattafai gare shi, kanta uku da benci. Yana manna bangon wani littafi da ya yage.

"Bai yi daɗi ba ne?"

"Daɗi?" Ta yi dariyar da ta fi kuka ciwo. "Shekara guda, Yayana! Na karanta na masu kuɗi, na karanta na aljanu, har mai jan bangon nan da ya sa ni zazzaɓi. Ka zaci son karatu ke kawo ni?"

Ya ajiye gam ɗin.

"Duk inda na ci karo da maganar da bakina ya kasa faɗa maka, sai in ninke shafin," ta ce.

"Na gani," ya ce. "Ni nake miƙe su da dutsen guga."

"Dutsen guga..." Muryarta ta karye. "Wayyo ni!"

Abin da Auta ba ta sani ba, Mai Littafi bai iya karatu ba. Gadon shagon ya yi daga mahaifinsa. Da launin bango yake gane kayansa. Mutum ɗaya ya san sirrin, wani malamin makaranta da ke zama a bencin, yana faɗa masa abin da ke cikin sababbin littattafai. Shi ne kuma ke ɗaukar duk wanda Auta ta dawo da shi, kafin a goge.

"Abokinka malami shi ya amsa," ta ce. "Duk shafin da na ninke, sai ya zo ƙofar gidanmu da amsarsa. Baba ya ce ga mai aikin yi, me zan tsinta wajen mai gadin takardu? Na yi ta ja da Baba saboda kai. Na gaji. Na ce na amince."

Ashe macijin a bencinsa yake kwana.

Ta buɗe littafin a shafin da ta ninke, ta tura masa.

"Karanta. Layi ɗaya, masoyina. Ka karanta da bakinka, wallahi in fasa!"

Ya dubi shafin. Baƙaƙe ne kamar tururuwa a kan farin zane. Kalma uku za su cece shi: ban iya ba. Suka zo har bakinsa. Ya haɗiye su.

"Kin lalata mini littafi," ya ce.

Ta tsaya tana kallonsa, hawaye na ɗiga a kan gyalenta.

"Allah ya ba ka haƙuri. Ka goge."

Ta fita. Ba ta waiwayo ba.

Ya hura gawayi, dutsen guga ya yi zafi. Ya ɗaga shi a kan shafin, hannunsa ya ƙi sauka. Ya ajiye shi har ya huce.

Littafin na nan a kanta ta sama, ba ya ba da shi haya. Har yau bai san me ta ce ba.

Mutum ɗaya ne zai iya karanta masa ba tare da ya tona kansa ba.

Shi ne kuma angon.