Mutum Dubu Biyu da Ɗari Biyar da Ashirin da Ɗaya

A ƙarshen zamanin Sarkin da ake yi wa laƙabi da Mai Cika Alkawari, daidai ɗaukewar damina, rundunarsa ta kewaye wani gari mai ganuwa har yunwa ta ci ƙarfin mutanensa. Mai garin tsoho ne masanin lissafi. Kafin ya buɗe ƙofa sai da ya ƙidaya jama'arsa, har da shi kansa, sannan ya fito ya durƙusa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, abu biyu nake roƙo. Kada a zubar da jinin kowa. In kuma za ka raba mu ga sarakunan yaƙinka, to rabon ya zo daidai, kada ko mutum ɗaya ya yi saura. In bai yiwu ba, a bar mu tare."

Sarki ya ga abu mai sauƙi, ya rantse a bainar jama'a.

Aka kira Mai Hisabin fada, aka zube masa tsakuwa a daɓen zaure, kowace ɗaya a madadin rai guda: dubu biyu da ɗari biyar da ashirin da ɗaya. Ya kasa su bakwai, adadin sarakunan yaƙin, ɗaya ta yi saura. Aka ƙara da ƙanen Sarki suka zama takwas, ɗaya ta yi saura. Aka ƙara da Waziri suka zama tara, haka. Mai Hisabi ya gwada kowane kashi da hankali zai ɗauka, ya taso gwiwoyinsa duk ƙura.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan adadi ba ya rabuwa. Sai dai a bar shi dunƙule, ko a samo masu karɓa dubu biyu da ɗari biyar da ashirin da ɗaya."

Tsohon ya sauke ajiyar zuciya. Da Mai Hisabi ya yi shiru a nan, da an gama. Amma mutumin yana son a ce ya iya, kuma wannan ne abin da ke tayar mini da zuciya duk sanda na zo nan a labarin. Ya ɗauki tsakuwa ɗaya yana murmushi.

"Abin sha'awa, ranka ya daɗe, maƙwabcinsa na ƙasa ya fi kowa sauƙin kai. Cire ɗaya kawai, ya rabu biyu, uku, huɗu, har goma, babu saura."

Sarkin Yaƙi ya dafa takobi. Sarki ya ɗaga hannu ya ce, "A'a. Mun rantse ba jini." Ya dubi tsohon. "Baba, mun 'yanta ka. A sa masa riga."

Tsohon ya ce, "Ranka ya daɗe, ban roƙi 'yanci ba. A bar ni cikin jama'ata."

"Kyautar sarki ba a mayar da ita."

Aka zura masa rigar da ƙarfi, aka zaunar da shi kan buzu kusa da karaga. Yana kallo aka kasa mutanensa bakwai, ɗari uku da sittin-sittin, uwa a wannan kashi, ɗanta a wancan. Fadawa suna ta kirarin cewa ba a taɓa yin sarki mai riƙon amana irin wannan ba.

Masu ba da tarihi sun ce laƙabin ya bi shi har kabari, kuma gaskiya ne bai saɓa ko kalma ɗaya ta rantsuwarsa ba. Ni dai ƙyamar wannan cika alkawari nake ji fiye da ta cin amana a fili, domin mai mulki in ya so abu, har gaskiya 'yar aike take zame masa. An ce tsohon ya roƙi tsakuwar da aka cire, aka ba shi. Da ita aka same shi a hannu ranar da ya rasu.