Huda Biyu a Ƙasan Jan Layi

Ko da sufeton 'yan sanda ya isa gidan, an riga an fitar da gawar matar. Kicin ya yi baƙi ƙirin. A ƙasa ya tsinci kan tukunyar gas, robar cikinsa a tsage.

Mijin na zaune a bakin ƙofa kamar an dasa shi. Mai kula da inji ne a masana'antar da ke ƙera kawunan gas. Ya ce kan nan da ya tsage kyauta ce daga wurin aiki, don al'adarsu ce in an daɗe ba a samu mai aibi ba, a raba wa kowa ɗaya. Shi da hannunsa ya ɗaura mata.

Sufeto ya sha ganin gawa, amma wannan magana ta tsaya masa a rai.

A masana'antar, manaja mai baki kamar rediyo ya ja shi gaban wata takarda a bango. Ya ce kayansu sai an yi dubbai kafin a samu lalatacce ɗaya, shi ya sa suke ƙirga masu kyau nawa suka fito tsakanin wani mai aibi da na bayansa, a soka fil a takardar daidai yawansu. Fil a sama, lafiya lau. In ya faɗo ƙasan jan layi, aibi ya zo kusa-kusa ke nan: a tsayar da inji, a riƙe kaya, mai injin ya amsa tambayoyi.

"Duba sama, yallaɓai, wata da watanni ba mu sauko ba."

Sufeto bai ko ɗaga kai ba. Ƙasan jan layin ya shafa da yatsa, ya ji huda biyu, babu fil.

Mai soka fil ɗin shi ne mai duba ingancin kaya, kuma yayan mijin ne uwa ɗaya uba ɗaya. Da sufeto ya nuna masa hudar, ya rantse hannu ne ya goce masa.

"Har sau biyu?"

Mutumin ya saci kallon durowarsa.

"Buɗe durowarka."

Can ƙarƙashin tsummoki aka ciro kawuna biyu, robarsu a tsage irin na kicin ɗin sak. Mutumin ya sulale ƙasa.

"Ƙanena ne a kan injin, yallaɓai, kuma an ba shi gargaɗin ƙarshe. Na soka, na zare, na ɓoye waɗannan, na ce ai sauran lafiya suke. Matarsa na da ciki. Ina zai kai ta in an kore shi?"

Tausayi ya kama sufeto, amma haka ya saka masa ankwa. Ya yafa masa riga a kan hannuwan, suka fito.

A bakin get suka ci karo da ƙanin, ya zo a ƙafa, idanunsa jajur. Bai lura da ankwar ba.

"Yaya, an gama shirya ta," ya ce a hankali. "Na ce musu kar a ɗauka sai ka zo. Kai muke jira."