Sorcha 'Yar Mai Mashaya

Ranar Lahadi da la'asar, ana yayyafin nan namu na bakin teku wanda ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa, Lorcan Devane ya fara sa ƙafa a mashayar Tierney. Dattijo Peadar mai goge ne ya jawo shi, don mai busa musu sarewa ya tafi Ostareliya neman aiki kamar sauran samarin garin.

Yana shiga hira ta tsinke. Kowa ya san shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan da mahaifinsa Eamon ya fita ta wannan ƙofar a buge, washegari masunta suka tsamo gawarsa a tashar jiragen ruwa. Tun daga ranar mahaifiyar Lorcan, Nuala, ba ta sake bi ta layin ba.

Sorcha, 'yar mai mashayar, ita ke girkin gidan. Ta fito da kwanon miyar kifi da burodi mai ɗumi ta ajiye a gabansa.

"Ban ce a kawo ba," in ji shi.

"Na sani. Duk wanda zai yi kiɗa a gidan nan sai ya ci. Me za ka sha?"

"Shayi."

"Shayi a mashaya? Peadar, ina ka samo mana wannan waliyyin?"

Aka yi dariya. Lorcan ya kai cokali baki, ya ɗago ya dube ta. "Gishirin ya yi yawa."

"Ƙarya kake."

"Ƙarya nake," ya amsa, kunnuwansa sun yi ja.

Da ya ɗauki sarewar, Sorcha ta tsaya a ƙofar kicin da tawul a hannu har dankalinta ya ƙone. Mutum ɗaya ne bai saurara ba. Mahaifinta Malachy Tierney ya juya baya yana ta goge kofin da ya riga ya bushe.

Daga nan kowace Lahadi sai Lorcan ya zo. In ya tashi daga gyaran injinan kwale-kwale ranar Laraba, sukan haɗu a bayan coci su bi hanyar gaɓa suna tafe suna hira. Ta sa masa suna Waliyyi, shi kuma yana kiranta Gishiri.

Saƙonta na farko da ya adana shi ne: "Waliyyina, yau na yi farfesun rago, na ɓoye maka ƙashin da kake so. In ba ka zo ba Peadar zai cinye, kuma ba shi da haƙoran."

Ya mayar mata: "Gishirina, ko ruwan zafi kika dafa ina tafe."

Wata biyar suka yi a haka kafin labari ya kai kunnen Nuala. A layin gidan waya aka gaya mata.

Ba ta yi faɗa ba. Ta zuba masa abinci, ta zauna tana kallonsa har ya ajiye cokali.

"Duk 'yan matan ƙasar nan, sai 'yar mutumin da ya cika wa ubanka kofi har ya mutu?"

"Mama, shekararta goma sha uku a lokacin."

"Da kuɗin giyar aka raine ta. Ranar da ka aure ta, ka ɗauka ni ma teku ta ci ni."

A can ma ba sauƙi. Malachy ya tare Sorcha a kicin. "Ba na ƙin yaron, 'yata. Amma in ya ɗago kai, fuskar ubansa nake gani. Ba zan iya ganinta a teburina har ƙarshen raina ba. Ga Fergal nan ya dawo daga Landan, yana sonki tun kuna makaranta."

"Fergal kansa yake so, Baba. Madubi kawai yake nema, ba ni ba."

Sati biyu bayan haka ciwon zuciya ya kwantar da Nuala a asibiti. Lorcan ya zauna a gefen gadon yana kallon wayoyin da aka jona mata, ya tabbata shi ne sanadi. Ya kifa wayarsa, saƙonnin Sorcha na ta shigowa.

"Waliyyi, na ji labarin Mama. Ya jikinta? In zo?"

"Don Allah ka ce wani abu."

"Yau Lahadi. Kujerarka na nan. Ban bari kowa ya zauna ba."

Bai amsa ko ɗaya ba. Da aka sallami Nuala, wata Lahadi ƙafafunsa suka kai shi layin mashayar ba da shawararsa ba. Ta taga ya hango Fergal a kujerarsa, ya riƙe hannun Sorcha yana mata raɗa. Bai tsaya ya ga ta fizge hannunta ba. Ya koma gida ya rubuta: "Na ga kin samu mai zama a kujerar. Allah ya sa alheri. Ki manta da ni."

Sorcha ta karanta a tsaye gaban murhu. Ba ta yi kuka ba sai da ta sallami kwano goma sha biyu na masu jiran abinci.

Hunturun nan ya yi wa garin nauyi. Peadar ya kwanta da ciwon ƙirji, kiɗan Lahadi ya mutu. Mutane na zuwa su ci kifi da soyayyen dankali, su sha kofi ɗaya, su tafi da wuri. Sorcha ta rame har zoben mahaifiyarta marigayiya ya fara suɓucewa daga yatsanta. Lorcan kuwa ya kulle sarewar a akwati, daga aiki sai gida. Shi da uwarsa suna cin abinci ba mai cewa uffan. A watan Fabrairu Sorcha ta samu aikin girki a wani otal a birnin Perth na Ostareliya, ta sayi tikiti.

Saura kwana huɗu ta tafi, ta cire rigar girki da hantsi ta nufi gidan Nuala. Ta san Lorcan na wurin aiki.

Nuala ta buɗe ƙofa ta tsaya. "Me ya kawo ki?"

"Sallama na zo yi, Mama. Ranar Juma'a zan bar ƙasar. Ɗanki naki ne, ban ƙwace miki shi ba. Amma akwai abin da babana ya gaya mini jiya, ya ce ba shi da ƙarfin zuwa da kansa. A daren da mijinki ya rasu, bai ba shi giya ba. A buge ya shigo daga wani wuri, Baba ya hana shi, ya tura shi waje ya ce ya tafi gida. Kullum cewa yake da ya bar shi ya kwanta gefen wuta, da yana raye."

Nuala ta dafa bango.

"Ya zo gida," ta ce a hankali.

"Na'am?"

"Ya zo. Ya buga ƙofar nan da kike tsaye. Ina jin sa yana kiran sunana. Na gaji, yarinya, shekara goma sha shida ina wanke amansa. Na ce yau ɗaya ya kwana a waje ya ji yadda ake ji. Ban buɗe ba." Ta share hawaye. "Na ɗora wa ubanki don ba zan iya ɗauka ni kaɗai ba."

Sorcha ta riƙe ta, suka durƙushe a bakin ƙofar suna kuka.

Da yamma Nuala ta gaya wa ɗanta da bakinta. Lorcan ya tashi ya fita. Ya bi gaɓa har inda hanya ta ƙare, ya zauna a kan dutse iska na dukansa, sannan ya ciro waya.

"Gishirina, ban san wa zan yi fushi da shi ba yanzu. Ba ni da komai sai kunya. Abin da na rubuta miki zalunci ne. In kin tafi ba zan ga laifinki ba. Amma kar ki tafi."

Amsa ta daɗe kafin ta zo. "Wata huɗu ka bar ni ina magana da bango. Ban yafe ba tukuna. Kana ina?"

Ta same shi a wurin. Ba su rungumi juna ba. Ta zauna kusa da shi, can ya miƙa hannu, ta bar shi ya riƙe.

Ba ta hau jirgin ba. An ɗaura auren a watan Yuni a ƙaramin cocin garin. Malachy ya kawo 'yarsa gaban Fada, limamin cocin, ya dubi Lorcan ido cikin ido karon farko, ya ce, "Ka riƙe ta da kyau, ɗana," hawaye na bin gemunsa.

Aka wuce mashaya cin biki. An gasa rago, an yi miyar kifi tukunya uku, Peadar ya taso daga jinya ya ja goge. Nuala dai daga coci gida ta wuce. Ta ce ba za ta iya haɗa ido da mutanen da ta bari suna zargin Malachy shekara da shekaru ba.

Ana tsakar rawa amarya ta zuba abinci a faranti ta rufe, ta ja hannun angonta suka fita ta ƙofar baya. Suka taka har gidan, tana tattare da farar rigarta kada ta jiƙe.

Sun samu Nuala zaune a kicin ita kaɗai, ba ta ko cire hular coci ba. Tun ranar da ta faɗa masa gaskiya, Lorcan bai yi mata doguwar magana ba. Ya ajiye farantin, ya jawo kujera kusa da ita, ya yanka mata naman ƙanana yadda take so.

"Ki ci, Mama, tun da zafinsa."

Ta kamo hannunsa da na Sorcha ta haɗa a kan cinyarta.

"Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana. Ya ba ku zaman lafiyar da ni ban samu ba. In kun yi faɗa, ku shirya kafin ku kwanta."

"Amin, Mama," suka ce tare.

Suka zauna da ita har ta cinye, sannan suka koma wurin baƙinsu.