Shayin da Balaraba Ta Juye a Tsagin Dutse

Ranar Asabar ce, kwana biyu bayan babbar Sallah, wajen ƙarfe uku na rana, Balaraba da mijinta Isuhu suka shirya hawa dutsen da ke bayan ƙauyen su Isuhu. Daga Kaduna suka zo gaida mahaifiyarsa, Inna Kande. 'Yarsu Hanifa, mai shekara biyar, ta kafe sai an je da ita.

Inna Kande ta rako su bakin zaure.

"Ku sauko kafin rana ta yi ja. Ke Balaraba, mene ne wannan kika rataya?"

"Filas ne, Inna. Shayi na dafa mana."

"To. A dai kula."

Balaraba ta ce to. Ba ta tambayi da me za a kula ba.

Sun hau a hankali, ciyawa na shafar ƙafafunsu. Da suka kai rabi, Hanifa ta gaji. Isuhu ya ce su jira shi a gindin wata kanya, zai ƙarasa sama ya ɗauko hotuna. Ya wuce.

Uwa da 'ya suka zauna a kan falalen dutse, suka sha shayi kofi ɗaya ɗaya. Saura ya yi yawa, filas ɗin kuma ya dami Balaraba da nauyi. Akwai wani tsagi a gefenta, siriri, mai duhu. Ta buɗe murfi ta juye sauran a ciki, kamar yadda take yi a kicin ɗinta. Tururi ya taso.

Sai ta ji ƙara daga ƙasa, 'yar siririya, kamar ta ɗan kyanwa.

Tsuntsaye suka yi tsit.

Ta juya. Babu Hanifa. Takalmanta na nan, a jere.

Ta kira sunanta. Dutsen bai mayar da muryar ba. Ta san ya kamata ta yi ihu, ta ruga, amma jikinta ya mutu kamar an yi mata allurar kashe ciwo. Ta tsaya kawai da filas a hannu.

"Sannu da hutawa, baƙuwa."

Wata mata ce zaune a inda Hanifa ta zauna, ɗaure da baƙin saƙi, da jariri a cinya. Bakinta na motsi, amma daga tsagin muryar ke fitowa. Balaraba ta dubi ƙafafunta. Dugadugan ne a gaba. Ta gani, ta kawar da ido.

"Baiwar Allah, kin ga yarinyata?"

"Na gan ta. Tana wurinmu. Ke kin ga nawa ɗan?"

Ta yaye zane. Hannun jaririn ya saɓule tun daga kafaɗa har wuyan hannu. Ƙamshin citta da madara na tashi daga jikinsa.

"Barci yake yi a bakin ƙofa," in ji matar. "Mutanen garin nan, in za su zubar da ruwan zafi, sai sun yi bismilla, sun ce a matsa. Mu kuwa mu janye yaranmu. Ke ba ki ce komai ba."

"Ban sani ba."

"Kin sani. Bari kika yi."

Gaskiya ne. Kakarta ba ta taɓa tsiyaye ruwan taliya a tsakar gida ba tare da ta faɗa ba. Su Balaraba har dariya suke yi mata.

"Me zan yi ki ba ni 'yata?"

"Zafin nan sai ya sami wurin komawa. Ko hannunta, ko naki."

Balaraba ta mayar da filas hannun hagu, ta miƙa na dama. Matar ta kama shi ta ɗora a kan ƙunar. Zafi ya shiga tafinta, ya haura gwiwar hannu, ya tsaya. Daga nan ba ta ƙara jin komai ba. Tana kallo fatar jaririn ta haɗe. Ya yi ajiyar zuciya, ya koma barci.

"Juya," in ji matar. "Kada ki waiwayo."

Ta juya. Ga Hanifa a gindin kanyar, tana tsotsar 'ya'yanta.

"Mama, ƙanen nan ya daina kuka?"

"Ya daina. Sa takalminki."

Sai ga Isuhu yana saukowa, yana haki, yana ɗaga waya.

"An yi ba ku! Har babban titi ake hangowa. Maman Hanifa, lafiya? Kin yi wani iri."

"Ɗauki yarinyar mu tafi."

Rana ta fara ja lokacin da suka iso gida. Inna Kande ta karɓi filas ɗin, ta girgiza, ta ji wayam. Ta kama hannun surukarta ta murza yatsun da ƙarfi. Balaraba ko motsi.

"A ina kika juye?"

"A tsagi, gindin kanya."

Tsohuwar ta daɗe tana duban Hanifa. Sannan ta juya ga ɗanta.

"Kai da aka haifa a nan, ka bar su ka tafi ɗaukar hoto? Daga yau kada baƙon gidan nan ya ƙara zama a dutsen can ba ɗan gari a kusa da shi."

Washegari suka koma Kaduna. Likitoci sun yi gwaje-gwaje, ba su ga komai ba. Hanifa lafiyarta lau, yanzu tana firamare. Hannun dama na Balaraba yana rubutu, yana riƙe sitiyari, amma ba ya jin zafi ko sanyi. Da hagu take taɓa ruwan wankan 'yarta.