Yarinyar da Ta Daina Shan Ruwa

A garin Dakoro akwai wata yarinya mai suna Hamdiya. Shekarunta goma sha biyu. Tana ajin ƙarshe na lakwal, wato firamare, kuma duk ajin babu wanda ya kai ta hadda. Abin da malaminsu, wanda suke kira Mushe Idrisa irin na Faransanci, ya rubuta a allo yau, kafin gobe ta zuba shi a ka.

Gidansu yana can bayan gari, kan hanyar Ɗan Gulbi. Saboda nisa, ba ta komawa gida da rana. A gindin bishiya take zama har a koma aji da yamma. Kullum da safe Innarta takan cika mata gora da ruwa, ta ƙulla mata ɗan dambu.

Babanta Mainassara dillalin awaki ne. Shi bai taɓa shiga aji ba. Amma yakan ce mata, “In kin ci sartifika, sai kwaleji. Ke ce ta hwarko a gidan nan.” Hamdiya ba ta da burin da ya wuce wannan. Jarrabawar sartifikar kuwa, ta gama firamare, saura wata biyu.

To, makewayin 'yan mata na makarantar ba shi da ƙofa. Iska ce ta fizge ta tun daminar bara. Manya suna wucewa suna gani, kowa yana jiran wani ya gyara. Na malamai dai yana da ƙofa, har da kwaɗo.

Wata rana Hamdiya tana ciki, sai ƙwallon yara maza ta gangaro wajen. Wani yaro mai suna Jimrau ya biyo ta da gudu. Ya hango Hamdiya. Maimakon ya kau da kai, sai ya fashe da dariya, ya koma ya ba abokansa labari.

Daga ranar, da Hamdiya ta miƙe sai su ce, “Ina za a, Hajiya? Ɗakin da ba ƙohwa?” Sai a kwashe da dariya.

Hamdiya ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ba ta gaya wa Mushe ba. Ba ta gaya wa Inna ba. Ta zauna ita kaɗai ta yi shawara da zuciyarta, ta ce, “In ban sha ruwa ba, ba ni jin hitsari. In ban ji ba, ba ni shiga wurin nan.”

Ita a ganinta dabara ce babba.

Washegari ta tuttule ruwan gorarta a gindin bishiya. Jibi ma haka. Da yamma Inna takan girgiza gorar, ta ji wayam, ta ce, “Madalla, ɗiyata tana shan ruwa.” Bishiya tana ta sheƙi, mai gora tana bushewa.

Lokacin kuwa bazara ce. Rana tana dukan kwanon aji, zufa tana tsiyaya. Hamdiya takan wuni leɓenta a fashe. Idan fitsari ya matse ta duk da haka, sai ta matse ƙafafu, ta cije, har ta isa gida.

Abin haushi, a cikin kwanakin nan ne Mushe Idrisa ya koya musu sassan jiki. Ya zana zuciya da huhu da hanta da ƙoda. Ya rubuta aikin kowanne da Faransanci. Hamdiya ta haddace tsaf. Ta miƙe ta karanto aikin ƙoda babu gargada, aka ba ta goma bisa goma. Amma ko sau ɗaya ba ta kawo a ranta cewa ƙodar allo ita ce wadda ke cikin bayanta ba.

Bayan mako huɗu, fitsarinta ya koma ja. In tana yi, sai ta ji kamar an zuba barkono. Ba ta gaya wa kowa ba. Sannan bayanta ya fara ciwo ta gefen dama.

Inna ta ce, “Mi ya samu bayanki kike dahe shi?”

Hamdiya ta ce, “Ba komi, Inna. Zama ne ya yi yawa.”

Ranar wata Talata, saura kwana goma sha biyu jarrabawa, Mushe ya kira ta allo. Ta miƙe jikinta yana rawa. Ta yi taku uku, ta yanke jiki ta faɗi. Da Mushe ya taɓa goshinta, ya ji zafi rau.

Aka ɗora ta a babur zuwa gidan likita. Aka aika kasuwa aka kira Baba, aka kira Inna.

Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe ta sunanta Madam Aisata. Ta sa mata ƙarin ruwa, ta yi mata allura. Ta ɗaga kwalbar fitsarin Hamdiya, ta duba, ta girgiza kai.

Ta ce, “Yarinyar nan tana shan ruwa kuwa?”

Inna ta ce, “Gora guda kullum. Ni da kaina nike cika ta.”

Madam Aisata ta dubi Hamdiya. “Baki shina iya ɓoye magana, amma ƙoda ba ta iyawa. Hwaɗa mani gaskiya. Ina ruwan shike zuwa?”

Hamdiya ta juya fuska bango. Can sai hawaye. Ta faɗi kome: ƙofa, da Jimrau, da dariya, da bishiya.

Madam Aisata ta jawo kujera ta zauna.

Ta ce, “An ce ke ce ta ɗaya a aji. Mi ne ne aikin ƙoda?”

Hamdiya ta fara karanto haddarta da Faransanci.

Madam ta ce, “Tsaya. Hwaɗa mani da Hausa, yadda Inna za ta gane.”

Hamdiya ta gwada. Ba ta iya ba. Kunya ta kama ta fiye da ta ranar ƙwallo.

Madam ta ce, “Kin taɓa ganin Inna tana tace gasara? In babu ruwa, ƙullu shina wucewa ta mataci?”

“A'a. Toshewa shike yi.”

“To, ƙoda mataci ce. Guda biyu gare ki, nan da nan.” Ta taɓa bayan Hamdiya dama da hagu. “Zuciya tana turo masu jini dare da rana. Su kuma su tace shi, su hidda datti. Ruwa ne ke kwashe dattin nan ya zama hitsari, ya gangara mahitsara. Ke kin hana su ruwa. Ɗan abin da ya taru kuma kin hana shi hita. Ruwan da ya kwanta wuri guda, mi ke samun shi?”

Hamdiya ta ce a hankali, “Lalacewa shike yi.”

“Haka ne. Ƙwayoyin cuta sun hayayyahwa a mahitsara, sun hau har ƙodarki ta dama. Da kun ƙara sati guda, da sai babban asibitin Maraɗi, kuma ba kowa ke dawowa da ƙodarshi lahiya ba.”

Inna ta riƙe baki. “Hamdiya! Ni da na haihe ki, ni kike jin kunya? Kullum ina sa maki albarka a kan gora, ashe itace nike shayarwa!”

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce, “Langa-langa guda na yin ƙohwa. Saboda langa-langa guda ɗiyata ta kusa rasa ranta. Da kin hwaɗa, da ranar na sai da akuya.”

Hamdiya ta ce, “Baba, jarrabawa hwa?”

Madam ta ce, “Wannan ƙodarki ce za ta yanke. Sai zazzaɓi ya sauka.”

Kwana shida Hamdiya ta yi a kwance. Aka yi jarrabawar gwaji babu ita. Kullum tana ƙirga kwanaki tana kuka. Tana shan magani mai ɗaci, tana shan ruwa kofi bayan kofi. A rana ta biyar zazzaɓi ya sauka, fitsari ya fara yin fari.

Kafin a sallame ta, Baba ya sayar da akuya. Ya ɗauki kafinta, suka je suka kafa ƙofa mai sakata.

Ranar da Hamdiya ta koma aji, Madam Aisata ta raka ta. Ta roƙi Mushe minti goma. Hamdiya ta tsaya gaban allo. Ta bayyana aikin ƙoda da Hausa, da bakinta, ba hadda ba. Babu wanda ya yi dariya.

Sai Madam ta ce, “Wa ke hana kanshi ruwa saboda makewayin nan? Shi ɗaga hannu.”

Can wata yarinya a baya ta ɗaga hannu. Sai wata. Sai wata. Madam ta ƙirga hannu tara.

Mushe Idrisa ya sunkuyar da kai. Ya ce, “Shekara guda ina wuce wurin nan. Laihin ba naku ba ne ku kaɗai. Ku yahe mani.”

Jimrau ya miƙe yana kallon ƙasa. “Hamdiya, ban san abin zai kai haka ba. Don Allah ki yahe mani.”

Hamdiya ta dube shi. Sannan ta ce, “Na yahe. Amma akwai sauran tara.”

Jimrau ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba su haƙuri.

Hamdiya ta zauna jarrabawa. Ba ta zo ta ɗaya ba, don jinya ta cinye mata kwanakin bita. Ta bakwai ta zo. Amma ta ci, kuma ƙodarta ta warke sarai. Da labari ya iso, Baba ya bar kasuwa tana ci, ya zo gida yana dariya har da hawaye.

Yara, jikinku amana ne. Ku sha ruwa, kada ku riƙe fitsari. Kada ku yi wa kowa dariya a kan abin da kowane ɗan Adam yake yi. Idan wani abu yana damun ku, ku gaya wa iyaye ko malamai tun yana ƙarami. Mai ɓoye ciwonsa, ciwon ne zai tona shi.