Furfura a Kan Gilashi

Yatsun Junaidu na fara gani.

Baƙaƙe ne tun daga farce har gaɓa ta biyu, baƙin ruwan maganin hoto wanda wanki ba ya fitarwa. Yau kuwa ya ɗora su a kan gwiwarsa, yana zaune gaban Baba a zaure.

Ina durƙushe a ƙofar zaure ta cikin gida, mayafina har goshi. Kwana tara ke nan ana maganar hoton nan a gidanmu na Ƙofar Rini. Na yi kuka har hawayen sun daina zuwa.

Junaidu zan aura bayan kaka. Shekara huɗu ya yi a Lakwaja yana fataucin fata, can ya koyi ɗaukar hoto wurin wani mutumin Ikko, ya dawo Sakkwato da akwati mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle.

Ni na roƙe shi ya ɗauke ni. Wata hantsi, a garkar gwaggona, ya tsayar da ni jikin lemo.

"Kada ki motsa, Zulai. Yi Ƙulhuwa ƙafa uku cikin ranki."

"In na ƙifta hwa?"

"Sai in kai mata marar ido gida!"

Dariya ta ƙwace mini, gilashin hoto na farko ya lalace. Na biyun ne Mode, ɗan baffana da ya nemi aurena na ƙi, ya ɗauko daga ɗakin Junaidu ya kawo wa Baba.

"Zulaihatu," in ji Baba, "matso ki ga abin da anka yi miki."

Na matsa. Ban taɓa ganinsa ba sai yau.

Ni ce... amma tsohuwa. Gashin da ya leƙo ta ƙasan kallabina fari fat. Girata fara. Fuskata kamar an shafe ta da toka, ƙwayar idona fara irin ta mai yana.

"Ya cinye mata shekaru, Baffa!" Mode ya ɗaga murya. "Kurwarta ta ya ɗaure ciki! Ba ka ga ramar da takai ba?"

"Ramar kuka ta, Mode," na faɗa a hankali.

"Baba," Junaidu ya rusuna, "haka gilashin yake, baƙi shi koma hwari, hwari shi koma baƙi. Ku ba ni izini in nuna muku."

Baba ya ɗaga kai alamar ya yarda.

Junaidu ya fita ƙofar gida, ya ɗora gilashin a kan wata takarda mai magani, ya shanya a rana. Ƙudaje na yawo a kan jajayen fatun da Baba yake ɗinki. Can ya ɗauraye takardar a ƙwarya, ya miƙo da hannu biyu.

Ga ni nan. Baƙin gashina, tabon haɓata, har dariyar da nake dannewa.

Baba ya daɗe yana kallo. Na ga leɓensa ya motsa.

"Kamar marigayiya uwatta..."

Na ɗauka mun tsira.

Sai ya kifa takardar a kan tabarma.

"Ba sihiri ba na, na yarda. Mode, ka ji tsoron Allah, tashi ka ba mu wuri." Ya jira Mode ya fita, sannan ya juyo. "Amma wanga ya hi wancan nauyi, Junaidu. Sura ta sak. Randa anka ce ka hura mata rai, mi za ka ce? Ba ni kai ɗiyata gidan da mala'iku ba su shiga. Ka ƙone akwatin, Zulaihatu taka ta. In ba ka iyawa, Allah shi haɗa kowa da rabonai."

Ya tashi ya shiga gida yin alwala.

Na ɗago na dubi Junaidu.

Shi kuwa akwatin ya duba.

Ƙiftawar ido ce kawai. Amma shi ya koya mini tsayawa ba ƙifta ido, don haka na gani.

"Rabin raina..." muryarsa ta yi ƙasa. "Ki ba ni lokaci. Ko mu tahi Lakwaja, can ba mai..."

"In bar Baba shi kaɗai?"

"Zulai, shekara huɗu na yi ina koyo. In na shiga ƙarƙashin ƙyallen ga, nan kaɗai nike jin ni mutum na."

"Na sani."

"To ki ce wani abu!"

"Na gaji, Junaidu."

Ba fushi nake ba. Da fushi ne ma, da ya fi sauƙi.

Na tura masa takardar. Gilashin kuma na ɗauka, na sa ƙarƙashin mayafina, sanyinsa ya taɓa ƙirjina.

"Wanga za ki riƙe? Wanda ya maishe ki tsohuwa?"

"Nan kaɗai na yi hurhura gabanka."

Ya saka takardar cikin aljihun rigarsa. Ya haɗe ƙafafun akwatin guda uku, ya ɗaure su da baƙin ƙyallen, ya saɓa a kafaɗa.

A bakin zaure ya tsaya neman takalminsa. Na jira ko zai waiwayo.

Ya sa takalmin ya fita.