Gilashin da Aka Liƙa a Bango

Auta na tsakar gida tana shanya kaya ta jiyo muryar mahaifinta tun daga ƙofa.

"Wata uku! Wata uku kacal a jami'a, shi ne zai koya min gini?"

Ta san da wa yake. Saurayinta ne, wanda ya yi shekara bakwai yana gararamba a garuruwan mutane, ya dawo ya shiga ajin farko na karatun injiniya. Tun bai sayi rula ba yayyenta suka laƙaba masa Injiniya.

Aikin farko da malaminsu ya ba su shi ne kowa ya gabatar da kansa, ya kawo hoton ginin da ya ɗauki hankalinsa. Shi kuwa ya kai hoton tsagar da ke saman ƙofar ɗakin Auta, ɗakin da Baba, magini na shekara talatin, ya ɗora wa bene da hannunsa. Malamin ya ce nauyi ne ya fi ƙarfin ginin. Injiniya da rawar kai ya zo ya faɗa a gaban leburorin Baba.

"Kada ya sake tako min gida!" in ji Baba. "Maganar aure kuma na janye."

Auta ta shige ɗaki tana kuka, ta kira Injiniya a waya.

"Ni fa gaskiya na faɗa!" ya ce. "Load ɗin, wato nauyin, ya yi yawa — kuma ke ce kike kwana a ƙarƙashinsa!"

"Gaskiya ce, amma a gaban wa? Ka tozarta tsoho a gaban masu cin abinci a ƙarƙashinsa."

"To in ce ƙarya na yi? Wallahi gara in ɗauki jakata in koma inda na fito."

"Abin da ka iya ke nan," ta ce. "Sau ɗaya dai a rayuwarka, tsaya."

Ya tsaya. Kwana uku yana zuwa ana cewa Baba ba ya nan, sai da Mama ta sa baki. Ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, na yi rashin kunya, a yafe min. Alfarma ɗaya nake roƙo. A liƙa ɗan gilashin nan a kan tsagar da siminti. In bango na motsi zai fashe. In ya yi sati biyu lafiya, na yi shiru har abada. Amma Auta ta koma ɗakin Mama kafin nan."

Baba ya yi tsaki. "Wasan yara!" Amma shi da kansa ya kwaɓa simintin.

Kullum da safe Auta sai ta je ta duba, ba ta ma san me za ta roƙa ba: ya fashe uba ya ji kunya, ko ya tsaya ta rasa masoyi.

Ranar kwana tara ta tarar da Baba tsaye a wurin, gilashi ya rabu biyu. Ya waiwayo ya dube ta.

"Kira min ɗan rawar kan nan."

Da ya iso, Baba ya miƙa masa katako. "Littafinka ya ga ciwon, amma bai koya maka tokare bene ba. Riƙe nan, surukin banza!"

Auta ta rufe fuska da mayafi, dariya da hawaye a haɗe.

Gaskiya ko ta kai dutse nauyi, da ladabi ake ajiye ta a gaban manya, kuma mai haƙuri ne ke ganin ranar da za ta yi magana da kanta.